Ni Na Goya, Balkisu Ta Shayar

Tunda kun dage sai na yi magana, to ku gyara zama, don ni ban iya taƙaitawa ba. Sunana Hauwa. A unguwar Misfala, nan kusa da Harami, aka haife ni, kakana ne ya taso daga Kano da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Sana'ata raino. Na fi shekara talatin ina rainon jariran da ba su da kowa a gidan marayu, wanda mu ma'aikata muke ce wa Dar kawai. Ku kuma 'yan jami'a shekaranjiya kuka fara wannan fafutuka taku, wai a gyara yadda ake ba da riƙon marayu, a kuma nema wa samarin da suka fita daga Dar wurin kwana, amma har an kira ku taro an tafa muku, an ɗauke ku hoto. Ni ranar da na ajiye aiki faranti ɗaya na basbusa, kek ɗin nan na Larabawa, aka yanka, mudira, wato shugabar gidan, ta ce Allah ya saka da alheri, kowa ya koma bakin aikinsa. Ina jin haushinku, kuma gara in faɗa tun yanzu kada ku ji a bakin wani.

Ɗazu na ji wannan mai tabarau yana cewa ai raino ba wani abu ba ne, ƙauna ce kawai. Ƙauna! Kai yaro, ka taɓa wanke fida? Aikin da aka fara ba ni ke nan, a hannun Inna Kulu, wata doguwar tsohuwa cikin mutanenmu da suka biyo ta Sudan, wadda ba ta yi wa babba dariya sai jariri. Ta tsayar da ni gaban tukunya ina tafasa kwalabe, ina zura ɗan buroshi har gindi, in na gama ta ɗaga kwalba ta duba a hasken taga. In ta ga ko ɗigon maiƙo sai ta mayar da su duka cikin ruwa. Daga nan ta koya mini bakin fida. Kowane jariri da irin hujin da yake so: mai haɗama a ba shi ƙarami kada ya ƙware, ragon tsotso a buɗa masa kaɗan kada ya gaji ya yi barci da yunwa. Zafin madara kuma a bayan hannu ake ji. Sai da na yi watanni a kan wannan kafin ta yarda na ɗauki ɗan mutum.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai abin awon zafin jiki, akwai almakashin farce, akwai mataji mai faɗin haƙori, don yara masu gashi irin namu aske su kawai ake yi, har mata, sai da na zo na fara yi musu kitso. Amma babban kayan aiki zane ne da majanyi. Mudirar lokacin ta hana goyo, ta ce yaro zai saba da jiki. Inna Kulu ta ce to, ta naɗe zanenta ta ɓoye a bayan kwandon wanki. Ke kaɗai a ɗaki, uku suna tsala kuka lokaci guda, hannunki biyu ne, yaya za ki yi? Ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, na ukun ki sa ƙafa kina kaɗa gadonsa. Abokan aikinmu Larabawa da suke mana dariya, wai mun zo da kayan ƙauye, su ne daga baya suke leƙowa: "Ya Hauwa, ɗaura mini wannan, ya hana ni sakat." Ni nake ɗaura musu, don ba su taɓa iya ƙullin ba.

Gargaɗi ɗaya Inna ta yi mini ranar da ta damƙa mini ɗaki. Ta ce, "'Yar nan, ki so su duka, amma kada ki ware ɗaya. Ba naki ba ne, kuma za a zo a ɗauka." Na ce to, Inna, kamar abin a hannuna yake.

Masu zuwa ɗaukar riƙo su ne baƙinmu na kullum. Ranar da za su zo ni nake yi wa yara wanka, in shafa musu mai, in sa musu kayan Idi. Mace za ta shigo da mijinta ta zagaya gadaje tana leƙe, kuma tun daga ƙofa na san wadda za ta nuna: mace, fara, wadda ba ta kai shekara biyu ba. Maganar shekara biyun nan ita ce gindin lamarin, ku riƙe ta da kyau. In mace ta shayar da jariri ya ƙoshi sau biyar kafin ya cika shekara biyu, ya zama ɗanta. 'Ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, mijinta ya zama ubansa, zai girma ya shiga ɗakinta ba wani ɗari-ɗari. In ba nono a tsakani, ko shekara ashirin ta yi tana wahala da shi, ranar da ya balaga ya zama baƙo, sai ta rufe fuska. Shi ya sa wadda ba ta da nono take zuwa da ƙanwarta mai jego. Yanzu ma na ji har magani likita yake ba mace, nono ya zo mata ko ba ta haihu ba. A zamaninmu ina muka ga wannan? Ni aurena bai yi tsawo ba, Allah bai ba ni haihuwa ba, ba ni kuma da 'yar'uwa mace. Haka zan miƙa yaron da na raina a hannun wata, ta fita da shi tana murmushi, ni in koma in cire zanen gadon.

Yasir bayan wani hajji aka kawo shi. An tsince shi a ƙofar masallaci a Jarwal, ɗan mitsitsi, baƙi wuluk, cibiyarsa ko bushewa ba ta yi ba. Yaron nan ya ƙi fida. Na canza baki, na canza madara, na gwada cokali, duk abin da ya shiga sai ya dawo. Likita ta zo ta tafi, yaro yana ta zubewa, kukan ma ya daina fita sai buɗe baki. A lokacin akwai wata sabuwar ma'aikaciya a ɗakin wanki, Balkisu, ba ta daɗe da haihuwa ba, tana barin 'yarta wurin uwarta ta zo aiki. Kullum kafin azahar gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Inna Kulu ta dubi rigar, ta dubi yaron, ta ce mini, "Ɗauko shi ki biyo ni."

A kan ƙunshin zannuwan gado Balkisu ta zauna, injin wanki yana ta ruri. Na miƙa mata shi. Wallahi ko lalube bai yi ba, ya cafke. Ina tsaye ina jin ƙarar haɗiyarsa, ina murna, ina kuma kishi. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi, hira take da Inna a kan yadda ake fitar da tabon shayi. Ya sha ya saki da kansa, ya yi gyatsa a kafaɗata. Haka muka yi ta yi safe da azahar, ni in kai, ni in tsaya, ni in ɗauko, har ya yi ƙwari ya karɓi fida. Mudira ta sani, ta kau da kai. Ba a jima ba mijin Balkisu ya sami aiki a wani gari, ta tattara ta tafi, ko leƙowa ɗakin jarirai ba ta yi ba.

Ni na yi sauran. Haƙoransa a kafaɗata ya gwada su. Da ya yi ƙarambau ni na zura masa safa a hannu kada ya sosa. Takunsa na farko daga gado zuwa gwiwata ya yi shi. Hausa a bakina ya ji, har yana zagin sauran yara da ita ba su sani ba. Na ware ɗaya dai, Inna ta gani ta ƙyale ni. Masu riƙo sun zo sun wuce shi ba adadi: namiji ne, baƙi ne, daga baya kuma ya wuce shekara biyu. Kowane zuwa ina yi masa kwalliya kamar kowa, in tsaya ina addu'a biyu masu karo da juna, Allah sa a ɗauke shi, Allah sa kada a ɗauke shi.

Da ya isa makaranta aka mayar da shi gidan yara maza, inda maza ne ma'aikata. Wannan tsarin ku taɓa shi in kun sami masu jin maganarku, yaro ya saba da hannu sai a cire shi a kai shi wani, in ya saba a sake cirewa. Ranar hutuna nake zuwa da waina a kwano mu zauna a ɗakin baƙi. Wata ziyara ya shigo ya yi sallama, na ji murya ta fashe, na duba na ga gashin baki ya fara toho. Na ja nikabina na sauke. Ya tsaya turus.

"Mama, ni ne fa."

"Na san kai ne."

"To me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, girma ka yi. Zauna ka ci wainarka."

Ya zauna can nesa, ya ɗan taɓa ya ce ya ƙoshi. Tun daga ranar bai ƙara ganin fuskata ba, ni kuma ban ƙara taɓa kansa ba.

Shekarar korona ita ce muguwar shekara a aikina. Lokacin Yasir ya zama saurayi, ya bar gidan matasa da kansa, ya ce ya gaji da kwanan jere da sunan ɗan Dar. Ya sami aikin ɗaukar jakunkunan alhazai a wani otal a Jarwal, da gado a ɗakin ma'aikata. Sai aka rufe gari. Harami ya yi wayam, otal ya sa kwaɗo, gado ya tafi tare da aikin. Mu kuma aka kulle mu a Dar ba shiga ba fita, muna ba jarirai madara da takunkumi a fuska, har wasunsu in ka cire sai su fashe da kuka. Daga can na buga wa yayana Sani, wanda nake zaune a gidansa a Zahir.

"Yaya, ɗakin nan na ƙasa da ake tara tarkace, a ba Yasir."

"Hauwa, ki ji tsoron Allah. 'Yan mata huɗu gare ni, ga matata, ga ke. Ƙofa ɗaya, matakala ɗaya. Shi wane ne a wurinsu?"

"Ɗana ne."

"Ɗanki a ina? Kin shayar da shi?"

Na kashe wayar. Ba mugu ba ne Yaya Sani, shi ya aika masa bargo da abinci, kuma maganarsa ba ƙarya a ciki, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yasir ya ƙare a saman rufin wani dogon bene a Misfala, mai gadi ya bar shi yana shimfiɗa kwali tsakanin tankunan ruwa.

Da gari ya buɗe ya koma tura keken tsofaffi a Harami, masu ɗawafi da sa'ayi. Aiki yana samu, wurin kwana ne babu tsayayye, yau rufi, gobe ɗakin aboki, jibi bayan shago. Masu gidan haya ba sa son gwauro marar dangi, tambayarsu ta farko ita ce ɗan gidan wa ne kai. Duk Alhamis zai zo ƙofar gidanmu ya ajiye wanki, in miƙo masa na wancan makon a goge ta bayan ƙyaure. Labarin Balkisu na gaya masa tun yana yaro, kuma na neme ta, Allah ya sani. Ba gidan biki ko suna ko ta'aziyya na mutanenmu da ban yi cigiya ba. Amma Balkisu nawa ce a ƙasar nan? Sunan mijinta ban sani ba, garin da suka koma ban sani ba.

Sai ga Rawan, shugabarku, wannan da take sunkuyar da kai. Ke kin san labarin, sababbin nan ne ba su sani ba. Kakarta Yasir ya tura a sa'ayi, tsohuwar ta yi masa Hausa ya amsa, hira ta ɓarke, Rawan tana biye tana kasa kunne. Ba a daɗe ba yaron nan ya zauna gaban wayarku, ya juya baya kada a ga fuskarsa, ya zazzage muku cikinsa. A wayar 'yar yayana na gani. Ashe an taɓa sace masa jaka da takalmi yana barci. Ashe ya taɓa kwanciya a asibiti, da aka ce ya faɗi sunan wani nasa ya ce babu. Babu! Ni ina nan ina goge masa riga. Ni bai gaya mini ba, sai yarinyar da Hausarta ma ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Da na tare shi da maganar cewa ya yi, "Mama, in na gaya miki me za ki yi in ba kuka ba?" Ranar ko abinci ban ci ba, kishi ya hana ni.

Da su Rawan suka zo gida neman bayani na yi niyyar korarsu, sai bakina ya ƙi. So nake su san akwai wadda ta san shi tun kafin a haife su. Cikin fariya na ambaci Balkisu da ɗakin wanki. Rawan, da take kirana Hala, wato inna da Larabci, ta zabura: "Hala, da gaske? Ta shayar da shi?" Ta hau danna waya. Abin da na yi shekaru ina yawon cigiya a kai, yaran nan kafin Juma'a ta zagayo sun gama shi. Suka watsa cikin 'yan makarantarsu, wata ta ce ai mamanta Balkisu ce, kuma ta taɓa aiki a Dar. Kun san inda take? Zahir! Sun dawo tun tuni, kasuwa ɗaya muke sayen tumatir, kowa da nikabinta.

Mijinta Malam Idris mutumin kirki ne, ya ce in ɗan gida ne ga ɗakin ɗansu nan da ya tafi aiki Riyad. Amma shi ma 'yan mata gare shi, ba zai shigar da namiji a kan wataƙila ba. Balkisu kuwa da aka tambaye ta sai ta ce, "Na san dai na ba wani jariri nono a wurin, amma ko sau nawa, ko wane ne, wallahi ban riƙe ba." Ba ta riƙe ba! Limamin unguwarsu ya ce shaidar mace ɗaya amintacciya ta isa, in ta gani da idonta ta kuma rantse. Inna Kulu ta daɗe da rasuwa. Saura ni.

In na buɗe baki, Yasir ya sami ɗaki da uwa da ƙanne, ni kuma da hannuna na miƙa shi ga matar da ko fuskarsa ba ta tuna ba. In na ce na manta, tsufa ne, ba mai kama ni, yana nan nawa, a kan rufi. Rawan ta yi ta kira ina kallon wayar tana haske. Yau in ce ciwon ƙafa, gobe in ce baƙi. Ran Alhamis ya zo da wankinsa ya ajiye, bai tafi ba. Ina jin sa ta bayan ƙyaure yana ɗan tari.

"Mama."

"Na'am."

"In abin nan zai ɓata miki rai, a bar shi. Na saba. Zafi ma ya kusa wucewa, rufin zai yi daɗi."

Ku ji fa. Yaron da ba shi da inda zai ajiye jaka shi ne yake lallashina. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, na ce, "Rufe mini baki. Ka je ka yi aski, ka sa farar jallabiyar nan da na goge, kada ka je gidan mutane kamar wanda ba a raina ba."

Bayan la'asar muka taru a gidan Malam Idris. Liman da maigida da Yasir suna falon waje, mu mata muna ciki, ƙofa a buɗe, labule a sake. Balkisu ta yi ƙiba ta yi kyau, hannu duk lalle, ga 'ya'yanta mata a jere, Rawan a gefe. Ta rungume ni tana "Abla Hauwa, ba ki tsufa ba," Abla wato babbar yaya, ni kuwa ina ƙare wa falonta kallo ina neman abin kushewa, ban samu ba. Liman ya yi gyaran murya ya tambaye ni ta bayan labule ko na gani da idona. Na ce ni nake kai shi. Da kansa yake saki ko cire shi ake yi? Na ce da kansa. Ya kai sau biyar? Na ce ya ninka biyar ya sake ninkawa. Shekarunsa fa? Na ce lokacin ko kwana arba'in bai yi ba. Sai ya ce na tabbata wannan saurayin shi ne wancan jaririn?

"Malam," na ce, "tun ranar da aka kawo shi idona bai bar kansa ba. Shi ne. Wallahi, billahi, tallahi."

Liman ya ce to, ya zama ɗansu, saura maganar takarda a kotu. Ya yi addu'a aka shafa.

Malam Idris ya ɗaga labule ya ce, "Shiga ka gai da uwarka." Rawan ta tashi ta shige kicin. Balkisu ta yaye mayafi. 'Yan matan suka dubi juna suna dariya, su ma suka zame nasu. Ni kaɗai na rage a falon nan da nikabi. Ya shigo ya durƙusa ya sumbaci kanta, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka tana "ya waladi, ya waladi," wato ɗana, kai ka ce ita ta sha wahalarsa. Na ga hannunta a kan sumarsa. Wallahi ji na yi kamar in tashi in fizge hannun. Na zauna na ƙanƙame jakata.

Aka kawo shinkafa buhari da kaza, ni ba damar ci, ga shi zaune. Balkisu ta matso ta ce, "Abla, me yake so? Me ba ya ci?" Na dube ta. A Dar in lokacin tashinki ya yi ba ki fita sai kin yi wa mai karɓarki bayanin kowane yaro, ko gaba kuke yi da ita. Haka na yi mata. Ba ya cin ƙwai, ƙuraje yake fito masa da su. In ya yi shiru yana murza kunne, zazzaɓi ne yake tafe. In ya ce ya ƙoshi a ƙara masa, kunya ce. Ba ya barci in an rufe ƙofa ruf, a bar masa ita a ɗan buɗe. Kada a tsare shi da tambaya a gaban mutane. Tana gyaɗa kai tana cewa 'yarta ta riƙe mata. Ban rage komai ba, duk da kowace magana sai na ji kamar ana cire mini haƙori.

To ga abin da za ku kai wa manyan da suke tafa muku. Duk jaririn da aka kawo, a nema masa mai shayarwa tun yana tsumma, a gidan da ake son sa, kuma a san wace ce. Mai rainon da ta ware ɗaya a daina yi mata faɗa, a taimake ta ya zama nata tun nono yana da amfani. Kun iya waya, kun iya magana, na ga aikinku da idona, ba zan ce ban gani ba. Amma kada ku sa ran in tafa muku, ni ban kai nan ba tukuna.

Ranar dai kafin magariba na ce zan tafi, don in ba su wuri su sake. Yasir ya rako ni har bakin titi, yana gaba ina baya. Yaya Sani yana jira a mota. Na kama murfin ƙofa ke nan sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

"Mama, in tambaye ki don Allah. Rantsuwar nan gaskiya ce, ko don ki samar mini ɗaki kika yi?"

Na juyo na dube shi ta cikin nikabi.

"Kai Yasir, ashe ba ka da wayo. Da a kan ƙarya zan rantse, sai in ba Balkisu? Ai cewa zan yi ni na shayar da kai."

Ya juyo ya dube ni. Daga saman bene ɗaya cikin 'yan matan ta leƙo tana kira, "Yaya Yasir, abinci yana hucewa!" Na ce masa ya je, ana kiransa. Ya tafi, na shiga mota.